Gurbin Ghissa a Layin Likitan Ido

Arlit, 3 ga watan Oktoba

Zuwa ga Madam Siddiƙa, mai kula da kuɗi da tsare-tsare na shirin Layin Lafiya, Agadez.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Gaisuwar ke nan, ba zan ja ta ba, domin raina a ɓace yake.

Ki lura da yadda na rubuta sunanki a sama. Yau ba kawunki ne ke rubuto miki ba. Alhaji Ramalan ne, mataimakin shugaban kwamitin asibitin Bakin Tasha, wanda ya tashi tsaye bara gaban jama'a ya ce a karɓi tsarinku na rubuta marasa lafiya ta salula. Kuma da gangan na yi takarda. Na ajiye kwafi, direbana Alhassane zai sa miki wannan a hannu, kada gobe a ce ba a ji ba.

Kin san Ghissa. Kina ƙarama shi ne mai rawanin nan da ke kawo miki cuku daga daji. Lokacin da na zo garin nan daga Damagaram, da karatun aji uku na kolej da riga biyu, shi na tarar yana tuƙi a kamfani. Shi ya koya mini inda ake sassauta iskar taya da inda ba a taka birki a rairayi. Duk kamiyon dakon kaya da kika ga sunana a jikinsa yau, da hannun Ghissa a ciki. Yanzu ya koma Gougaram yana kiwo. Idonsa na hagu ya mutu shekara biyu ke nan. Na dama kuma yanar ido ta rufe shi. A watan Yuni motar asibiti ta je can, majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba shi, ya ce in shekarar nan ta wuce ba a yi aiki ba, wannan ma zai bi ɗan'uwansa. Aka rubuta shi cikin waɗanda likitocin ido za su yi wa aiki ranar 10 ga Nuwamba, aka ce ya zo awon farko ƙarshen Satumba.

Ya zo. Shi da matarsa Dassin, a bayan mota, bisa buhunan gawayi, tana riƙe da hannunsa. Ni ina Tawa ranar, amma Alhassane na tsaye a wurin, ga kuma yadda ya ba ni labari. Yarinyar da ke taga ta shafa allonta, ta ce:

"Baba, ai ka soke."

Ya ce, "Na soke me?"

"Gurbinka. Kai da kanka ka ce ba ka so. An ba wani."

Ya ce, "Ƴata, ni da bakina? Yaushe? Ina?"

Ta ce, "Baba, na'ura dai ba ta ƙarya. Wa ke biye?"

Na'ura ba ta ƙarya! To wa ke ƙaryar? Dattijo mai shekara sittin da bakwai, gaban matarsa, gaban ƴan kabu-kabu da ke zaune a inuwa suna dariya? Alhassane ya ce Ghissa ya juya wa tagar baya. Ya ja rawani ya rufe baki, ya ce wa Dassin ta kai shi tasha. Ko gidana bai biya ba, mutumin da bai taɓa shiga Arlit ya sha ruwan wani gida ba sai nawa.

Da na dawo na je na sami majo. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Alhaji, mu nan allo kawai aka ba mu, mabuɗin yana Agadez." To ga ni na zo Agadez a takarda.

Ni na fi kowa ƙin tsohon tsari. Na ga yadda mutane ke jera takalma da duwatsu a ƙofar asibiti su kama layi, sai ɗan'uwan ma'aikaci ya zo ya wuce ta baya. Shi ya sa na goya muku baya. Amma takalmi bai taɓa ce wa dattijo maƙaryaci ba.

Abu ɗaya nake so: a maida sunan Ghissa inda yake kafin mako ya ƙare. Ba roƙo nake ba. Haƙƙinsa ne.

Ki gaida mutanen gida. Wassalam.

Alhaji Ramalan

*

Gougaram, 6 ga watan Oktoba

Zuwa ga Ramalan ɗan Damagaram.

Ina gaishe ka, ina gaida gidanka duka. Dassin yana gaishe ka. Dabbobi lafiya, an samu ciyawa bana. Mushe Alkassoum malamin lakwal, makarantar boko, shi ke rubuta mini. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini Hausa, kai ka saba da shi shekara talatin.

Na ji saƙonka bakin Alhassane. Ka ce in yi haƙuri, kana faɗa da mutanen Agadez. Ka bar faɗa, mai tumbi, hawan jini zai kama ka a banza. Ni ba zan koma wannan taga ba. Yarinya ya ce na soke. Ni ban soke ba. Ban yi fushi da yarinya ba, abin da allo ya gaya masa ya faɗa. Amma wurin da allo ya fi maganata nauyi, ba wurina ba ne.

Kuma kada ka yi mini maganar Yamai, na san ka. Kwana biyu a hanya, in bar Dassin shi kaɗai da raƙuma, in je in kwanta a asibitin masu kuɗi da aljihunka? Na san kamiyonka biyu suna tsaye tun da aiki ya ja baya. Ban yi ba. Gurbina na gwamnati nake so, wanda aka rubuta mini. In babu, babu.

Har yanzu ina gane rana da inuwa. Raƙumina ina gane su da murya. Abin da Allah ya bari ya isa.

Ka sha shayi a madadina, ko da yake ba ka iya haɗa shi ba har yau.

Ghissa

*

Agadez, 8 ga watan Oktoba

Zuwa ga Kawu Ramalan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna Maryama da ƙannena. Ko ka kira ni Madam sau goma, ni dai ƴar ƙanwarka ce, a gidanka na yi karatu, ba zan iya amsa maka da wani suna ba.

Na karanta takardarka sau biyu. Maganar da aka gaya wa Baba Ghissa a taga ba ta dace ba, kuma na rubuta wa majo a kai. Wannan ba ni da abin cewa sai ban haƙuri.

Amma ka bar ni in faɗi yadda abin yake daga inda nake zaune. Likitocin ido biyu ne, kwana biyar za su yi, mutum goma sha biyu a rana. Gurbi sittin ke nan. Waɗanda aka rubuta suna jira sun haura ɗari huɗu. Bara, kafin tsarin nan, mutum goma sha huɗu aka ba gurbi ba su zo ba, ba su aiko ba. Likita ya zauna da safar hannu yana jira, injin wuta na shan gazuwal, ga ɗaruruwa a gida ba su san akwai wuri ba. Da aka kai rahoto sama, sai aka ce tunda ba ma cinye abin da ake ba mu, a rage mana. Da ƙyar na riƙe sittin ɗin nan bana.

Shi ya sa aka kawo saƙon salula. Kafin ranar kowa, ana aika masa: ya danna 1 in zai zo, ya danna 2 in ya fasa. Wanda ya yi shiru, gurbinsa na nan. Wanda ya danna 2 ne kaɗai ake cirewa, a take kuma a ba na bayansa. Kana wurin taron da na yi wannan bayani, kai ne ma ka fara tafi.

Na duba. A gaban sunan Baba Ghissa an rubuta cewa an danna 2, ranar 14 ga Satumba da hantsi. Tsarin ba ya dannawa da kansa. Akwai yatsan da ya taɓa. Lambar da aka rubuta masa ba ta fitowa a allona, sai mai kula da na'ura a Yamai ya buɗe. Na nema, ya ce kwana uku ko huɗu.

Maida sunansa yau ba ya hannuna, Kawu. In na maida shi, sai na cire wani da aka riga aka gaya wa ya shirya. Ka ba ni kwanakin nan.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma.

Ƴarka,
Siddiƙa

*

Arlit, 10 ga watan Oktoba

Siddiƙa,

Salamu alaikum. Mutanen gida lafiya, suna amsawa. Takardarki ta zo, na kuma ga lissafi. Lissafi kam kin iya, ban yi asarar kuɗin makaranta ba.

Amma wane yatsa? A kan wace salula? Ghissa bai taɓa mallakar salula ba tunda aka halicce shi. Inda bukkarsa take, in kana son rezon salula sai ka hau raƙumi rabin yini, ka hau dutse, ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa ne zai nemo 2 a tsakanin lambobi ya danna? Ku da kuke zaune a biro cikin sanyi, kun taɓa tambayar kanku wa kuke aika wa saƙon nan, da Faransanci kuma?

Na'urarku ce ta rikice, kuma ina da shaida a aljihuna. Tun watan Agusta take damuna ni kaina. Saƙo ya shigo: kana da randebu ranar kaza a asibitin Bakin Tasha, dosiye lamba kaza, danna 1 ko 2. Ni! Ni da rabona da allura tun shekarar da aka haife ki. Ban rubuta kaina ba, ban aiki kowa ya rubuta ni ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ƙirga, sau tara. Wata rana ina tsakiyar cinikin taya, wata rana ina alwala.

Da wani ne, sai ya share ya yi gaba, gurbi ya tafi a banza kamar na bara da kike kuka a kai. Ni kuwa na san darajar gurbi. Duk wanda ya shigo sai in danna 2, domin mabuƙaci ya samu, daidai yadda kika koya mana a taro. Har na faɗa wa shugaban kwamiti, na ce ga yadda ɗan ƙasa na gari ke yi. To na'urar da ke ba lafiyayye kamata randebu tara, ita ce za ki ce ba ta iya soke makaho da kanta?

Ki gaya wa yaron nan naku na Yamai ya gyara kayansa. Wata guda ya rage. Ghissa ya rubuto mini ya ce ba zai ƙara taka asibiti ba, kuma na san shi, in ya faɗa ya faɗa. In idon nan ya tafi, wallahi zan tsaya a taron kwamiti in faɗi sunan shirinku da bakina, ko da ke ce a cikinsa. Ni na kawo ku, ni zan ce a kwashe allunan a maida muku.

Ban ce kin yi da gangan ba. Na ce kun yi aiki ba ku san mutanen da kuke yi wa ba.

Allah ya shirya mu duka.

Kawunki,
Ramalan

*

Agadez, 13 ga watan Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Ina roƙon ka karanta wannan kai kaɗai, ba a gareji gaban direbobi ba.

Amsar Yamai ta zo jiya, amma tun da na karanta takardarka gabana ya faɗi. Lambar da ke gaban sunan Baba Ghissa taka ce. Wadda ke rubuce da jan fenti a ƙofar kamiyonka.

Na kira ma'aikacin da ya yi rubutun a Gougaram. Ya ce allo ba ya wucewa sai an sa lamba. Duk wanda ya ce ba shi da salula, sai ya ce masa ya kawo ta wani nasa. Ranar kasuwa ce, kamiyonka na tsaye yana sauke gero. Baba Ghissa ya ce, "Rubuta ta Ramalan, maigidana ne a Arlit." Wasu ma suka ce haka. Na sa an bincika duka yankin: mutum talatin da ɗaya ne suka ba da lambarka. Saƙonni tara da ka amsa nasu ne. Shida na awon ciki ne da na ƙirji da makamantansu, waɗannan na riga na sake ba su rana. Uku na ido ne. Su ne ba ni da yadda zan yi.

Ba na ɗora maka duka. Saƙon ba ya ɗauke da sunan mara lafiya, domin an ce sirri ne, kada wani ya ga ciwon wani. Ni na sa hannu a kan haka. Ban yi tunanin abin da zai faru in salula ɗaya ta tsaya wa mutum talatin ba.

Na san abin da za ka ce, shi ya sa zan riga ka. Ba zan cire kowa ba. Wadda ta samu gurbin Baba Ghissa ita ma ido ɗaya ya rage mata. Kuma ko ka sayi kayan aikin da kuɗinka, hannun likita ba ya wuce goma sha biyu a rana.

Hanya ɗaya ce ta rage, ita ma ba alkawari ba ce. Ko da saƙo, akan samu wanda ya ce zai zo bai zo ba. Na samu izini: duk ranar da ƙarfe goma ta yi wani bai iso ba, a ɗauki wanda ke zaune a benci daga cikin mutum ukun nan. Sai dai dole ya kasance a wurin da jikinsa, tun safe, kowace rana cikin biyar ɗin. Yana iya samu ranar farko. Yana iya zama har Juma'a ya tashi haka nan.

Ni ba zan iya kawo shi bencin ba, Kawu. Kai ka san abin da zai kawo shi.

Ka yafe mini in na yi maka tsauri.

Ƴarka,
Siddiƙa

*

Arlit, 16 ga watan Oktoba

Siddiƙa ƴata,

Wa alaikumus salam. Na karanta ni kaɗai kamar yadda kika ce. Kwana biyu ban je gareji ba. Innarki ta yi zaton zazzaɓi ne.

Yatsana ne. Na buɗe salular na nemo ranar 14 ga Satumba, ga shi nan, 2, ƙarfe tara da minti ashirin. Na tuna ma inda nake: ina tsaye ana ɗaura wa kamiyo tanti, na danna ban ko zauna ba. Ba zan ɓoye a bayan kowa ba. Ban saba ba, ba kuma yanzu zan fara ba.

Amma kada ki yi zaton fushina ya sauka. Ya ƙaru ne, domin yanzu na san inda ramin yake, kuma yana nan a buɗe yana jiran wani.

Wa ke cikin garin nan da bai san mutumin daji yana da maigida a gari ba? Ke a gidana kika tashi. Sau nawa kika tsallake mutane a zaure za ki lakwal, wanda ya kawo awaki, wanda ya kawo mara lafiya, wanda ke jiran takarda daga ɗansa? Tun kafin salula, da sunana ake aiko musu wasiƙa. Da salula ta zo, lambata ce tasu. Ba sa neman izini, kuma ba a nema, domin amana ce: sun san in saƙonsu ya zo hannuna zai kai. Talatin da ɗaya! Wannan ba kuskuren makiyaya ba ne. Yadda ƙasar take tafiya ke nan. Ku kuka zo da allon da ya ɗauka kowane mutum da salularsa a aljihu kamar ma'aikacin banki.

Kuma sirri? Kun ɓoye mini sunan Ghissa don kada in san idonsa na ciwo, ni da na kai shi aka duba na hagun? Da saƙon nan ya ce "Ghissa", ko kalma ɗaya bai ƙara ba, da na aika mota tun ranar. Kun kare sirrinsa, kun bar idonsa a hannun wanda bai san yana riƙe da shi ba.

Ga abin da zan kai taron kwamiti ranar Asabar, kuma zan fara da ba da labarin kaina, da sunana, kowa ya ji. A ƙara tambaya ɗaya a allon: lambar nan taka ce ko ta maigidanka? In ta maigida ce, a sa sunan mai ciwo a saƙon, da yardarsa. Kuma kada a ƙara cire mutum daga layin ido don an danna lamba guda. A kira, a ji murya, da Hausa ko da Tamajak. Kada ki ce mini babu kuɗin kira. Kira sittin bai kai gazuwal ɗin awa ɗaya ba, ni mai mota ne, na san farashinsa. Ba zan ƙara cewa a kwashe allunan ba. Layin takalma bai fi ba. Amma a gyara.

Sauran mutum ashirin da biyun da lambata ke kansu, duk saƙon da ya shigo daga yau 1 zan danna, in kwafe lambar dosiyen in kai wa majo da ƙafata ya nemo mai ita.

Ban nemi ki cire matar nan ba. Allah ya ba ta lafiya. Na karɓi bencin.

Saura Ghissa. Alhassane ya ce in gaya masa kawai an gano kuskuren na'ura ne, an ba da haƙuri, ya zo. Na ce masa ya rufe mini baki. An riga an ce wa mutumin nan maƙaryaci sau ɗaya saboda ni.

Ki yi mini addu'a. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Ramalan

*

Arlit, 17 ga watan Oktoba

Zuwa ga yayana Ghissa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Dassin, ina tambayar dabbobi. Mushe Alkassoum, don Allah ka karanta masa wannan duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya, kada kuma ka tausasa.

Ghissa, ba ka yi ƙarya ba. Allon ma bai yi ƙarya ba. Ni na soke gurbinka.

Ka ba su lambata, kuma daidai ka yi, lambar wa za ka bayar in ba tawa ba? Saƙonka ya zo hannuna babu suna. Na ɗauka nawa ne, na ce ni lafiyata ƙalau, na amsa musu cewa ba a so. Ban tambayi kowa ba. Asibitin nan tafiyar minti biyar ce daga garejina, ina cikin kwamitinsa, da na taka na ce wannan dosiyen na wane ne, da an gaya mini. Ban je ba, domin na ɗauka na fi kowa gane tsarin. Har yabon kaina na yi. Sannan na yi mako biyu ina zagin mutanen Agadez a kan abin da hannuna ya aikata.

An ba wata gurbinka, ba za a karɓe ba, ni ma ban nema ba. Abin da ya rage shi ne benci. Daga Litinin 10 ga Nuwamba zuwa Juma'a, ka zauna a ƙofar ɗakin aiki tun safe. In wani bai zo ba, a shigar da kai. Ba sadaka ba ce, ba kuɗina ba ne, layin gwamnati ne da sunanka a kai. Amma ba zan yi maka alkawarin da ba ni da shi ba: ana iya kwana biyar ba a kira ka ba.

Na san ka ce ba za ka koma tagar nan ba. Ka faɗi haka ne don an ƙaryata ka. To ga mai laifin ya fito, kuma ranar Asabar zan faɗa gaban kwamiti da majo da yarinyar tagar. Ka yi fushi da ni yadda kake so, ka daina shiga gidana in ka ga dama. Amma kada ka hukunta idonka a kan laifina. Shi kaɗai ya rage maka.

Ka aiko mini da amsa ta hannun Alhassane. Ko zagi ne, ina jira.

Ƙanenka,
Ramalan

*

Gougaram, 21 ga watan Oktoba

Ramalan,

Na ji. Mushe ya karanta sau biyu, bai tsallake ba. Dassin ya ce abubuwa a kanka, ba za a rubuta su ba.

Mu uku ne muka ba da lambarka don ido ranar nan. Ni, da tsohuwa Lalla, da Amastan mai rijiya. Su ma an mayar da su daga taga, ba su san dalili ba. Kai za ka gaya musu, ba ni ba.

Ka zo ranar Lahadi 9 ga wata da mota mai ɗaukar mu duka. Kada ka aiko direba, kai za ka tuƙa. Kuma benci, da kai za mu zauna, kwana biyar ɗin. In wuri ɗaya ya fito, Lalla zai fara shiga, ya fi ni tsufa.

Maganar yafiya, ka bari sai na ga fuskarka. In Allah ya sa na gani.

Ghissa